Ella Deloria, matar da ta ƙarar da rayuwarta wajen rubuta harshen Dakota

Harshen Lakota ɗaya ne daga cikin harsunan ƴan asalin ƙasar Amurka, mutanen da Turawa suka tarar a can suka laƙaba masu suna Indiyawa. A ƙiyasin da masu aikin raya harshen suka yi, waɗanda suka tashi da shi tun daga goye ba su wuce mutum dubu 2 ba a yau, kuma galibinsu tsofaffi ne. Duk da haka harshen yana da ƙamus da littattafan nahawu, ana koyar da shi a kwalejoji da jami'o'i, akwai kuma yaran da ake renonsu da shi a makarantun da aka buɗe musamman don haka. Kaso mai yawa na abin da malaman nan ke dogara da shi ya fito ne daga hannun mace guda, Ella Cara Deloria, wadda ta rasu a 1971. Ta yi shekara fiye da 40 tana aiki da jami'o'i, amma ba ta taɓa samun kujerar farfesa ba, kuma yawancin rayuwarta ba ta da albashi tsayayye.

Gidan da ta fito

An haifi Ella ranar 31 ga watan Janairun 1889 a White Swan, cikin yankin da gwamnatin Amurka ta killace wa ƙabilar Yankton, a bakin kogin Misuri, inda yanzu ake kira jihar Dakota ta Kudu. Sunanta na gida Anpetu Waste Win, ma'ana mace mai kyakkyawar rana, ko da yake labarin da danginta ke bayarwa shi ne ranar da aka haife ta guguwar ƙanƙara ake yi.

Mutanenta su ne waɗanda duniya ta fi sani da suna Siyu. Wannan suna Faransawa ne suka gutsuro shi daga wata kalmar maƙwabtansu Ojibwe. Su kuwa suna kiran kansu Dakota ko Lakota, wato abokan ƙawance, kuma sun kasu gida 7. Bambancin sunayen biyu bambancin karin harshe ne: inda na gabas ke sa harafin d, na yamma l suke sawa. Aboki a bakin ƴan gabas koda ne, a bakin ƴan yamma kola.

Sunan Deloria kansa daga faransanci ya samo asali. Wani Bafaranshe mai fataucin fatu da ake kira des Lauriers ya auri ƴar Dakota, sunansa ya bi zuriyarsa har bakin mutane ya mai da shi Deloria. Kakan Ella, Saswe, shugaba ne a cikin Yankton kuma mai maganin gargajiya. Ɗansa Tipi Sapa, mahaifin Ella, ya karɓi addinin Kirista yana saurayi, aka sa masa suna Philip, daga baya ya zama ɗaya daga cikin ƴan Dakota na farko da aka naɗa limaman cocin Episkofal. Mahaifiyarta Mary ƴar wani janar ɗin sojan Amurka ce, Alfred Sully, wanda ya yaƙi Dakota a shekarun 1860. Ke nan a jinin yarinyar akwai waɗanda aka yaƙa, akwai kuma wanda ya yi yaƙin.

Ella ta girma a Wakpala, cikin yankin Standing Rock, inda aka tura mahaifinta ya kula da cocin St. Elizabeth da makarantarta. A gida ana magana da karin Yankton, a waje kuwa mutanen garin Lakota suke ji, a aji kuma ingilishi. Haka ta tashi da duka ukun a baki. Zamanin ƙuruciyarta zamani ne mai ɗaci. Tana ƙasa da shekara 2 aka kashe Tatanka Iyotake, shugaban da Turawa ke kira Sitting Bull, a cikin wannan yanki na Standing Rock, ranar 15 ga Disambar 1890. Mako biyu bayan haka sojojin Amurka suka hallaka ɗaruruwan Lakota, maza da mata da yara, a Wounded Knee. Ɓaunar da mutanen ke rayuwa a kanta an riga an ƙarar da ita. Tsofaffin da suka ga rayuwar da, ta farauta da ƙaura da bukkokin fata, suna nan da rai, suna zuwa gidan mahaifinta hira, ita kuma tana gefe tana saurare.

Yadda aka yi wa harshen illa

Harshen Dakota ba rashin rubutu ne ya kassara shi ba. Tun 1852 ɗan mishan Stephen Riggs ya buga nahawu da ƙamus na harshen, an kammala fassarar Baibul a 1879, kuma akwai jarida mai suna Iapi Oaye da ta riƙa fitowa da harshen daga 1871 har 1939. Mutane da yawa suna rubuta wa juna wasiƙu da shi.

Abin da ya yi masa illa shi ne makarantun kwana na gwamnati. Daga 1879, lokacin da wani hafsan soja Richard Pratt ya buɗe makarantar Carlisle, aka shiga raba yara da iyayensu, a aske masu gashi, a canza masu suna, a hukunta duk wanda aka ji yana magana da harshen gida. Duk wanda ya yi lakwal a ƙasarmu zamanin da ake rataya wa yaro sambol don ya yi hausa ko zabarmanci a aji ya san ɗanɗanon abin, sai dai na can ya fi muni nesa ba kusa ba, don yaran kan shekara da shekaru ba su ga gida ba. Binciken da ma'aikatar cikin gida ta Amurka ta fitar a 2024 ya ƙirga irin waɗannan makarantu 417, ya kuma tabbatar da mutuwar yara aƙalla 973 a cikinsu. Yaron da ya sha duka saboda harshensa, in ya girma ya haifi nasa, sai ya ƙi koya masu don kada su sha irin wahalar da ya sha. Ta nan igiyar ta tsinke.

Ella ta yi sa'a, makarantar da ta fara yi ta mahaifinta ce, kusa da gida. Daga nan ta wuce makarantar ƴan mata ta All Saints a garin Sioux Falls. A 1910 ta samu tallafin karatu zuwa kwalejin Oberlin a jihar Ohayo, bayan shekara 3 ta koma kwalejin horar da malamai ta jami'ar Columbia a birnin Niyok, inda ta samu digirinta na farko a 1915.

Haɗuwarta da Franz Boas

A wannan jami'a akwai wani farfesa haifaffen Jamus, Franz Boas, wanda ake ɗauka uban ilimin nazarin al'ummomi da al'adunsu a Amurka. Boas yana da aƙidar cewa babu harshen da ya fi wani, kuma ba a fahimtar al'umma sai ta bakinta. Yana ganin harsunan ƴan asalin ƙasar suna ƙarewa, yana gaggawar a rubuta su. A hannunsa akwai wani tarin rubutu da wani saurayi Balakote, George Bushotter, ya yi a 1887, labarai da bayanin al'adu fiye da shafi dubu, amma babu mai iya warware masa su yadda ya kamata. Da ya ji akwai ɗaliba mai jin harshen, sai ya neme ta. A shekararta ta ƙarshe ta taimaka masa da ɗalibansa wajen fassara wani sashe na rubutun. A nan ta fara ganin cewa harshen da take magana da shi ba tare da tunani ba yana da ƙa'idoji da za a iya zayyanawa ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan hanya ta raba su har shekara 12. Ta koma All Saints ta koyar, ta yi aikin wayar da kai kan kiwon lafiya a makarantun ƴan asalin ƙasar a ƙarƙashin ƙungiyar mata ta YWCA, sannan daga 1923 ta zama malamar motsa jiki da rawa a makarantar Haskell da ke jihar Kansas. Mahaifiyarta ta rasu a 1916, nauyin ƙannenta biyu, Susan da Vine, ya dawo kanta.

A 1927 Boas ya sake nemo ta, har ya je Kansas da kansa. A shekarar aka kafa wani kwamiti na binciken harsunan ƴan asalin Amurka, an kuma samu ɗan kuɗin aiki. Ella ta ajiye aikinta na koyarwa mai albashin wata-wata, ta rungumi wanda ake biya guntu-guntu, gwargwadon abin da aka samu na tallafi. Daga nan har rasuwar Boas a Disambar 1942 suna aiki tare.

Yadda take aiki

Aikin kashi biyu ne. Wani lokaci tana Niyok tana gyara da fassara tsofaffin rubuce-rubuce: na Bushotter, da na George Sword, wani dattijon Oglala da ya rubuta abin da ya sani da hannunsa, da labaran da ƴan mishan Samuel da Gideon Pond suka tattara a wajen Dakota na gabas tun kafin a haifi mahaifinta. Wani lokaci kuma tana yawo a yankunan Standing Rock da Pine Ridge da Rosebud da sauransu, ƙanwarta Susan na tuƙa ta a tsohuwar mota, tana bin tsofaffi gida-gida.

A nan ne ta bambanta da sauran masu bincike. A al'adar Dakota ba a zama da mutum a yi magana mai nauyi sai an san me yake gare ka. Kowa sai an nemo masa gurbi a dangi, a kira shi kawu ko gwaggo ko kaka, sannan a yi masa irin ladabin da ya dace da gurbin. Ella takan fara da wannan. Ta tafi da nama ko wani abinci, a dafa a ci tare, ta jira har mai gida ya ga dama ya buɗe baki. A wasiƙunta ga Boas ta sha yi masa bayanin cewa in ta shiga da takarda da alƙalami tana jero tambayoyi irin na Bature, mutane za su rufe mata ƙofa, kuma kuɗin da take kashewa a kan abinci wani ɓangare ne na aikin. Sau da yawa sai ta bar wurin sannan ta zauna ta rubuta abin da ta ji, da harshen da aka faɗe shi.

Zama ƴar gida yana da nasa takunkumin. Ella ba ta taɓa aure ba, kuma akwai maganganun da a al'adance ba a yi a gaban macen da ba ta yi aure ba. Ƴar limamin coci ce, wasu masu riƙe da addinin gargajiya suna ɗari-ɗari da ita, musamman da yake tun 1883 hukuma ta haramta manyan bukukuwansu, har da rawar rana. Akwai kuma abubuwan da aka gaya mata a matsayin ƴa, ta san ba na bugawa a littafi ba ne. Duk da haka, rubutunta na farko da ya fito a mujallar masana a 1929 a kan rawar rana ta Oglala yake.

Ba kullum suke jituwa da Boas ba. A ƙarshen shekarun 1930 ya aike ta ta tabbatar da wasu labaran halittar duniya da wani likita Bature, James Walker, ya tattara a Pine Ridge. Ta zagaya ta tambayi tsofaffi, da yawansu suka ce ba su san labaran a wannan siffa ba. Ta rubuta wa Boas cewa a ganinta akwai ƙirƙirar mutum ɗaya a ciki. Wannan amsa ba ta yi wa farfesan daɗi ba, amma ba ta canza ta ba.

Abin da ta rubuta

A 1932 littafinta Dakota Texts ya fito, ɗauke da labarai 64 cikin harshen asali tare da fassarar ingilishi. Da yawansu labaran Iktomi ne, gizo-gizo mai wayo da haɗama wanda dabararsa kan koma kansa. Bahaushe zai gane shi nan take, don halinsa ɗaya da Gizo na Ƙoƙi, kuma su ma irin waɗannan labarai sai rana ta faɗi ake ba da su. Sauran kuwa labarai ne da mutanen ke ɗauka sun faru da gaske. Har gobe wannan littafi yana cikin abin da ɗalibin Lakota ke fara karantawa in ya wuce matakin gaisuwa.

A 1941 aka buga Dakota Grammar da sunan Boas da nata. Masana harshe suna sa shi cikin mafi ingancin nahawun da aka rubuta wa wani harshen ƴan asalin Amurka. Ingancin ya zo ne daga abubuwan da kunnen baƙo ba ya kamawa. A Lakota akwai k iri uku: ta sarari, da mai fitowa da iska, da mai ƙarfi irin ƙ ta hausa. Haka p da t. Rubutun ƴan mishan bai cika rarrabe na farko da na biyu ba, don masu harshen sun san abin da ake nufi ko ba a sa alama ba, kamar yadda Bahaushe ke gane ƙafa ko an rubuta ta babu lanƙwasa. Amma jikan da bai taɓa jin kalmar ba, ba shi da hanyar sanin yadda ake furta ta. Ella ta sa wa kowane sauti alamarsa, ta nuna gaɓar da ake dannawa a kowace kalma da wasulan da ke fita ta hanci.

Ta kuma zayyana yadda harshen ke gina aikatau. Saiwar ksa tana nufin yankewa ko tsinkewa, ɗafin da aka sa mata a gaba shi ke nuna da me aka yi aikin: yaksa da haƙori, yuksa da hannu, naksa da ƙafa, kaksa da sara, waksa da wuƙa. Sannan maganar namiji daban take da ta mace. In namiji zai ba da umarni yakan rufe da yo ko wo, mace kuwa da ye ko we. Masu binciken da suka gabace ta kusan duk maza ne, kuma da maza suka yi hira. Maganar mata da hirarsu ta cikin gida da yadda suke renon yara da yadda suke makoki, ta hannun Ella suka shiga takarda.

Zumunta ita ce gindin komai

Abin da ta fi nanatawa a rubuce-rubucenta shi ne rayuwar Dakota gaba ɗaya a kan zumunta take tsaye, kuma zumuntar a cikin kalmomi take. Ƙanen uba ko wansa, uba ne, ate ake ce masa. Ƴar'uwar uwa, uwa ce, ina. Yaro yana kiran wansa ciye, yarinya kuwa tiblo take ce masa. Yayar namiji tanke ce, yayar mace cuwe. Kowace kalma tana tafe da nata hali: suruki da surukuwa akwai kunya tsakaninsu, ba su haɗa ido ba su magana kai tsaye, ƙanen miji da matar wa kuwa wasa da tsokana ne tsakaninsu. Gungun dangin da ke zama tare su yi ƙaura tare shi ake kira tiyospaye. A fahimtarta, yaron da ya rasa waɗannan kalmomi ya rasa sanin yadda zai zauna da mutane, don ingilishi ba shi da gurbin da zai zuba su.

Wannan shi ne jigon littafinta Speaking of Indians na 1944, wanda ta rubuta don talakan Amurka da bai san komai game da mutanenta ba. Ƙanwarta Susan ce ta zana bangonsa. Shi ne kuma jigon ƙagaggen labarinta Waterlily, wanda ke bin rayuwar wata mace da ƴarta a zangon Lakota na ƙarni na 19, kafin Turawa su mamaye ƙasar, tun daga haihuwa a kan hanyar ƙaura har aure da annobar agana. Ruth Benedict, abokiyar aikin Boas, ta taimaka mata wajen rage tsawonsa. Ta kammala shi a shekarun 1940, masu buga littattafai suka ƙi karɓa, suna ganin ba zai samu kasuwa ba. Sai a 1988, shekara 17 bayan rasuwarta, maɗaba'ar jami'ar Nebraska ta fitar da shi, kuma yanzu ana karanta shi a azuzuwan adabi a faɗin ƙasar.

Rayuwa a kan tallafi

Duk wannan aiki a cikin rashi aka yi shi. Mahaifinta ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, ita ta yi jinyarsa har ya rasu a 1931, ana tsakiyar karayar tattalin arzikin duniya. Susan, wadda ke zane da sunan Mary Sully, ba ta da sana'ar da ke kawo kuɗi, Ella ce ke riƙe da ita har rasuwarta a 1963. Akwai lokutan da su biyun a mota suke kwana. Da yake ba ta da digirin dakta, a takardun jami'a mataimakiyar bincike ce kawai, ko da yake ita ke gyara wa masu digirin kurakuransu. Takan karɓi duk aikin da ya samu: ta shiga wani binciken halin da ƙabilar Navajo ke ciki a ƙarshen shekarun 1930, a 1940 kuma ita da Susan suka je jihar Karolina ta Arewa suka shirya wa ƴan asalin gundumar Robeson wasan kwaikwayo na tarihinsu. A 1943 wata ƙungiya a Shikago ta ba ta lambar yabo da ake ba fitattun ƴan asalin ƙasar.

Rasuwar Boas, sannan ta Benedict a 1948, ta raba ta da masu tsaya mata a Columbia. Daga 1955 zuwa 1958 ta koma Wakpala ta riƙe makarantar da mahaifinta ya yi wa hidima. A farkon shekarun 1960 jami'ar Dakota ta Kudu da ke Vermillion ta ɗauke ta aiki a gidan tarihinta, ta kuma samu tallafin hukumar kimiyya ta ƙasa don haɗa ƙamus na Lakota. Tana da shekara fiye da 70 a lokacin. Ta tara kalmomi dubbai, kowace da misalin yadda ake amfani da ita, amma ƙamus ɗin bai kammala ba. A 1970 ita ma ɓarin jikinta ya shanye, ta rasu ranar 12 ga Fabrairun 1971 tana da shekara 82.

Bayan rasuwarta

A shekarar da ta rasu aka kafa kwalejojin Lakota biyu na farko, Oglala Lakota a Pine Ridge da Sinte Gleska a Rosebud, na Standing Rock ya biyo baya a 1973, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Sitting Bull. Duka suna koyar da harshen. Ɗan ƙanenta, Vine Deloria ƙarami, ya zama ɗaya daga cikin manyan marubutan ƴan asalin Amurka, kuma littafinsa na 1969, Custer Died for Your Sins, ya caccaki masu binciken da ke zuwa su kwashi ilimin mutane su tafi ba tare da sun bar masu komai ba. A 1990 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar kare harsunan ƴan asalin ƙasar, wato gwamnatin da ta yi shekaru tana hana su ta dawo tana cewa a raya su.

Da masu raya harshen suka tashi aiki, sai suka tarar tsofaffin da suka san tsohuwar magana sun ƙare. Suka koma ga dubban shafukan da Ella ta bari, waɗanda yawancinsu ke ajiye a ɗakin karatu na American Philosophical Society a Filadelfiya da kuma gidauniyar Dakota Indian Foundation a garin Chamberlain. A shekarun 1990 Julian Rice ya buga wasu daga cikin labaran da ta tattara. Sabon ƙamus na Lakota da ya fito a 2008 ya ɗebi kalmomi da misalai masu yawa daga rubutunta. Babban littafinta kan zaman Dakota, The Dakota Way of Life, shi ma sai bayan rasuwarta da shekaru ya ga hasken rana.

Tambayar da ta yi fama da ita, ta wane ne ke da iko da abin da tsoho ya faɗa wa mai bincike, har yanzu ba ta mutu ba. A 2022 majalisar Standing Rock, yankin da Ella ta girma, ta kaɗa ƙuri'ar hana ƙungiyar da ta buga wancan ƙamus aiki a ƙasarta, saboda saɓani kan haƙƙin mallakar muryoyin tsofaffi da littattafan da aka yi da su. Jikoki suna cewa ba za su sayi maganar kakanninsu a hannun wani ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 2022 zuwa 2032 don harsunan ƴan asali, kuma batun bai tsaya a Amurka ba. A Nijar, cikin harsuna 10 da dokar 2001 ta amince da su akwai tasawak na mutanen Ingal, wanda masu jin sa ƴan dubbai ne, da buduma na tsibiran tafkin Cadi. Ɗaya daga cikin nazarce-nazarcen farko a kan tasawak ɗaliba ce ta yi shi a jami'ar Yamai a 1988, Ousseina Alidou, wadda daga baya ta zama farfesa a Amurka. Akwai kuma muryoyin tsofaffi da cibiyoyin IRSH da CELHTO suka naɗa tun shekarun farko na ƴancin kai. Tarihin Ella Deloria ya nuna cewa irin wannan ajiya takan yi shekara 50 ba wanda ya waiwaye ta, sannan wata rana ta zama ita kaɗai ta rage, kuma amfaninta a ranar ya danganta ne da ko wanda ya rubuta ta ɗan harshen ne da ya san inda kowace alama take zama, da ko an ba shi abin da zai riƙe kansa har ya gama.